Ayon Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, da ya ke an ba ni fili a wannan fitowa, ina so in yi bayani a kan wani abu cikin ilmin sinadarai, watau kemistiri, wanda mu ke wucewa ta kansa da sauri sa'ad da mu ke koyarwa. Kowa ya san darasin nan da a ke zuba ruwan silba naitiret cikin ruwan gishiri, nan da nan wani farin gari ya fito ya kwanta a gindin kwalba. Sa'an nan malam ya rubuta lissafin abin da ya faru a allo, ya soke sodiyam da naitiret, ya ce wa yara waɗannan 'yan kallo ne, babu ruwansu. Maganarsa daidai ce game da wannan kwalba. Amma yaro ya kan fita da ita ya ɗauka cewa ko'ina haka abin ya ke, alhali kuwa waɗannan da aka soke su ne su ke sa sabulu ya yi tauri ko ya yi laushi, su ne su ke riƙe abincin shuka a gona, wani lokaci ma su ne tsakanin magani da guba.

Bari mu fara daga tushe, saboda waɗanda ba kimiyya su ke karantawa ba. Kowane abu a duniya da atam aka gina shi. A tsakiyar atam akwai waɗansu ƙwayoyi da a ke kira furoton, masu ɗauke da cajin lantarki irin wanda a ke rubutawa da alamar tarawa. Kewaye da su akwai ilektiron, masu caji irin na alamar ɗebewa. Atam na sodiyam yana da furoton 11 da ilektiron 11, saboda haka babu wanda ya rinjayi wani. In ya yar da ilektiron guda, sai ya rage 11 da 10, tarawa ta yi rinjaye da ɗaya, a rubuta shi Na⁺. Kulorin kuwa furoton 17 gare shi, in ya karɓi wancan ilektiron da aka yar ya zama yana da 18, ɗebewa ta yi rinjaye da ɗaya, a rubuta shi Cl⁻. Atam ko gungun atam da ya sami caji ta wannan hanya shi a ke kira ayon. Michael Faraday na ƙasar Ingila ne ya shigo da kalmar a 1834, daga harshen Girka, ma'anarta mai tafiya, domin ya lura waɗannan abubuwa suna tafiya cikin ruwa idan aka sa musu lantarki. Daga baya, a 1884, wani ɗalibi mutumin Suwidin, Svante Arrhenius, ya kawo ra'ayin da ya nuna cewa gishiri da ya narke ya riga ya rabu zuwa ayon tun kafin a kawo lantarkin. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka ba shi digirin. A 1903 aka ba shi kyautar Nobel saboda wannan aiki.

To, ga ƙa'idar da duk maganata ta rataya a kanta. Cikin kowane abu da za ka iya ɗauka da hannu ko ka zuba a kwalba, jimlar cajin tarawa daidai ta ke da jimlar cajin ɗebewa. Babu kantin da za ka je ka sayi kwalbar ayon na sodiyam zalla. Duk inda ya ke, akwai wani ayon mai kishiyar cajinsa kusa da shi, ko kulorayid, ko naitiret, ko kabonet, ko wani. Wannan na biyu shi ne ayon mai daidaita caji, ni kuwa a nan zan riƙa kiransa abokin tafiya.

Wani zai ce, me ya sa dole ne? Sai mu yi ɗan lissafi. Ka ɗebi gishiri giram 58.5, watau kamar babban cokali uku. A ce kana da ikon tsince dukan sodiyam ɗin da ke ciki ka tara wuri ɗaya, ka kwashe dukan kulorayid ka kai shi nisan kilomita guda. Kowane tari zai ɗauki caji kulom 96,485. In ka bi dokar Coulomb ka lissafta, ƙarfin da tarin biyu za su riƙa jan juna da shi ya kai nauyin tan biliyan 8 da rabi. Cokali uku na gishiri ke nan, a nisan kilomita guda. Shi ya sa rabuwar ba ta yiwuwa. Ko cikin ruwa, inda mu ke cewa gishiri ya rabu, rabuwar ta ɗan taƙi ce: kowane ayon yana yawo, amma in ka ɗebi ɗigo ɗaya ka ƙidaya, za ka tarar tarawa da ɗebewa sun yi kunnen doki.

Misalin da ya fi saurin shiga kan yara shi ne na mangala. Mai jaki in ya zuba kaya a gefe ɗaya, dole ya sami abin da zai sa a ɗaya gefen, in ba haka ba kaya su zube tun ba a bar ƙofar gida ba. In kayan gefe ɗaya nauyinsu biyu ne, to, ko ya sa abu guda mai nauyin biyu, ko abu biyu masu nauyin ɗai-ɗai. Haka kalsiyam, mai caji biyu, ya ke neman kulorayid biyu, shi ya sa mu ke rubuta CaCl₂. Aluminiyam caji uku gare shi, salfet kuwa biyu, ba za su daidaita ba sai an sa aluminiyam biyu da salfet uku, shida nan shida can, watau Al₂(SO₄)₃. Yaron da ya gane wannan ya huta da haddar ƙananan lambobin nan da a ke rubutawa a gindin haruffa, domin zai iya fitar da su da kansa.

Amma fa misalin mangala iyakarsa nan. Mai jaki ko dutse ya ɗauka ya sa, bukata ta biya. A kemistiri kuwa, abokin da aka zaɓa ya kan sāke halin abin gaba ɗaya. Ko a gwajin da na ambata da farko, ba banza aka zaɓi naitiret ya raka silba ba. An zaɓe shi ne domin gishirin naitiret duka suna narkewa cikin ruwa, sai ya kai silba har cikin kwalba ya sake shi. Da abokin silba tun farko kulorayid ne, da babu gwajin da za a yi.

Ku dubi kanwa da dutsen siminti. Kanwar da a ke kawowa daga wajen Tafkin Chadi, yawancinta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet. Dutsen da a ke fasawa a Kalambaina da Ewekoro don yin siminti kuwa kalsiyam kabonet ne, haka ɓawon ƙwai da na katantanwa. Kabonet ɗin iri ɗaya ne, kuma shaida ita ce in ka matsa lemun tsami a kan kanwa ko a kan garin ɓawon ƙwai, duka biyu za su yi kumfa su fitar da iska iri ɗaya. Amma lita guda ta ruwa tana narkar da sodiyam kabonet fiye da giram 200, kalsiyam kabonet kuwa abin da za ta narkar bai wuce kamar miligiram 13 ba. Dalili shi ne kalsiyam da cajinsa biyu ya riƙe kabonet gam, ruwa ba ya iya ɓamɓare su, sodiyam kuwa riƙonsa sako-sako ne. Ɗaya ana jefa ta a miya, ɗaya ana gina gada da shi.

Sabulu ya fi wannan ban sha'awa. Abin da ke wanke dauɗa cikin sabulu wani dogon ayon ne da a ke samu daga mai ko kitse, yana da jela ta atam na kabon, sau da yawa 16 ko 18, da kai mai cajin ɗebewa. Jelar tana kama maiƙo, kan yana kama ruwa. Wannan dogon ayon yana bukatar abokin tafiya. In an dafa man da soda, abokin sodiyam ne, sai a sami sabulu mai tauri da a ke yankawa sanda-sanda. In an dafa shi da ruwan toka, kamar yadda a ke yin sabulun salo da tokar ɓawon koko ko na ayaba, abokin fotasiyam ne, domin toka cike ta ke da shi, sai sabulun ya fito da laushi, yana saurin narkewa, in an bar shi a buɗe ya jiƙe. Matan da ke wannan sana'a sun san bambancin tun kafin a rubuta shi a littafi. In kuma aka sa litiyam ya zama abokin, abin da za a samu ba na wanka ba ne, shi ne a ke kaurara giris ɗin da makanikai ke shafa wa ƙafar mota da shi.

Akwai kuma rijiyoyin da ruwansu ba ya yin kumfa, sai ka goga sabulu ka goga, ka ga wani farin dusa-dusa yana yawo a bisa ruwa yana mannewa jikin bokiti. Irin wannan ruwa ya bi ta cikin duwatsu ya ɗebo kalsiyam da magnesiyam. Da sabulu ya shiga, kalsiyam guda sai ya kama dogayen ayon biyu, ya kori sodiyam, abin da aka haɗa kuwa ba ya narkewa. Sabulunka ya ƙare wajen kama kalsiyam kafin ya kai ga riga. Akwai na'urar da ke gyara wannan ruwa, cike da 'yan ƙananan ƙwallaye na roba irin wadda Adams da Holmes suka fara yi a Ingila a 1935. Jikin ƙwallayen yana da cajin ɗebewa da ba ya motsi, sodiyam na rakiyarsa. Ruwa na wucewa, kalsiyam guda ya zauna, sodiyam biyu su tashi, lissafi bai ɓaci ba. In ƙwallayen sun cika da kalsiyam sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri su koma yadda su ke.

Wajen magani kuwa maganar ta kai ga rai. Ayon na bariyam guba ne, yana hana tsoka da zuciya aiki. Bariyam kulorayid yana narkewa ƙwarai, wanda ya sha shi yana cikin hatsari. Amma a asibiti a kan dama bariyam salfet a ba mutum ya sha kofi guda kafin a ɗauki hoton cikinsa, ya tashi lafiya lau, saboda salfet ya riƙe bariyam har lita guda ta ruwa ba ta narkar da fiye da miligiram biyu zuwa uku, sai ya bi hanji ya fita yadda ya shiga. A 2003 a ƙasar Burazil aka sayar da irin wannan magani wanda ya gauraya da bariyam kabonet. Kabonet yana narkewa cikin ruwan tsamin da ke tumbi, bariyam ya kuɓuce, mutane suka mutu.

Masu harhaɗa magunguna suna amfani da wannan da gangan. Allurar fenisilin mai rakiyar sodiyam ko fotasiyam tana narkewa nan take, ta yi aiki da sauri, jiki kuma ya fitar da ita cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa a ke maimaita ta sau da yawa a yini. In aka ba fenisilin wani babban aboki mai suna benzatin, sai ya zauna cikin tsoka yana narkewa kaɗan-kaɗan har mako uku ko huɗu. Kuma abokin yana da nasa nauyi, wanda ke cikin lambar da a ke rubutawa a kwali. Ƙwayar maganin ƙarin jini ta feros salfet mai miligiram 200, ƙarfen da ke cikinta kamar miligiram 65 ne, ta feros gulukonet mai miligiram 300 kuwa kamar 35 ne kawai. Wanda ya dubi babbar lamba ya ce ita ta fi ƙarfi ya ruɗi kansa.

Yanzu sai mu tafi gona, inda a ganina wannan ilmi ya fi amfani ga yawancin yaran da za mu koyar. A 1850 waɗansu Turawan Ingila biyu, H. S. Thompson da J. T. Way, suka buga sakamakon wani gwaji da ya ba mutane mamaki. An zuba ruwan amoniyam salfet a bisa ƙasar noma da aka cusa cikin bututu, aka tari abin da ya tsiyaye daga ƙasa. Salfet ya fito, amma amoniyam ya maƙale, kalsiyam ne ya rako salfet a madadinsa. Watau ƙasa ta yi musaya, ta karɓi wani ta saki wani.

Bayanin abin sai daga baya aka same shi, da aka gane yadda yumɓu ya ke. Ƙwayar yumɓu falle-falle ce, an jera silikon da aluminiyam da iskar oksijin cikinta. Sa'ad da ta ke ginuwa, wani lokaci aluminiyam mai caji uku ya kan zauna a gurbin silikon mai caji huɗu, ko magnesiyam mai biyu ya zauna a gurbin aluminiyam. Duk inda haka ta faru an sami giɓin tarawa guda, sai fallen ya zama mai cajin ɗebewa har abada. Wa zai cike giɓin? Kalsiyam, da magnesiyam, da fotasiyam, da amoniyam, waɗanda ke manne a bayan fallen, ba su shiga cikin ginin ba, ruwan sama kuma ba ya iya share su da sauƙi. Waɗannan kuwa su ne abincin shuka. Saiwa tana sakin ayon na haidirojin, ya karɓi gurbinsu, su kuma su sauko cikin ruwan ƙasa ta tsotse. Rumbun gona ke nan.

Amma rumbu wani ya fi wani girma. Yawancin ƙasar tudu a Nijeriya yashi ne da wani irin yumɓu mai suna kawolin, wanda cajinsa kaɗan ne. Baƙar ƙasar nan ta firgi da ke Barno wajen Dikwa da Ngala, inda a ke dasa masakwa, wadda ke dardarewa da rani, yumɓunta na iya riƙe abin da ya ninka na kawolin sau goma. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi kuwa, in sun zama ƙasa, sun fi kowane yumɓu riƙo. Saboda haka manomin da ke kai takin gida gonarsa abu biyu ya ke yi, yana zuba abinci, yana kuma faɗaɗa rumbun da zai riƙe takin zamani in ya zo.

Naitiret kuwa cajin ɗebewa gare shi, irin na yumɓu, don haka yumɓu ba ya riƙe shi. Takin yuriya da aka zuba ya kan zama amoniyam, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su mai da shi naitiret, ruwa mai ƙarfi ya zo ya tafi da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Kuma ku tuna da ƙa'idarmu, ba ya tafiya shi kaɗai: duk naitiret biyu da suka tafi sun ja kalsiyam ko magnesiyam guda sun tafi da shi. Hasara biyu ke nan, ƙasa kuma ta riƙa yin tsami a hankali. Wannan shi ne dalilin da malaman gona ke cewa a raba takin masara kashi biyu, kada a zuba shi duka rana ɗaya. A gonakin ban ruwa kuma akwai wata matsala, in sodiyam ya yi yawa ya kori kalsiyam daga jikin yumɓu. Sodiyam ba ya iya haɗa fallayen wuri ɗaya, sai su watse su toshe kafofin ƙasa, ruwa ya kwanta a sama, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Maganinta jibsam, watau kalsiyam salfet, domin kalsiyam ya koma gurbinsa a wanke sodiyam. Irin wannan dabara ce ma'aikatar ruwa ke yi da aluminiyam salfet: aluminiyam ya kashe cajin ƙwayoyin laka, su daina ture juna, su dunƙule su kwanta.

Batir ma da wannan ƙa'ida ya ke aiki. A irin wanda John Daniell ya ƙirƙiro a 1836, tutiya tana cikin ruwan gishirinta, jan ƙarfe yana cikin nasa, waya ta haɗa su, ana samun bolt 1.1. Ilektiron na barin tutiya su bi waya, saboda haka tarawa na taruwa a gefen tutiya, ɗebewa na taruwa a gefen jan ƙarfe. In babu hanyar da ayon za su bi su gyara wannan, lantarki zai tsaya kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa a ɗakin gwaji mu ke sa gadar gishiri tsakanin kofunan biyu, mu kan cika ta da fotasiyam kulorayid ko fotasiyam naitiret, domin ayon ɗinsu biyu saurinsu kusan ɗaya ne. Ka ɗaga gadar, allurar mita ta faɗi. Batirin wayar hannu ma haka ne, duk ilektiron da ya bi ta waje, ayon na litiyam guda ya bi ta ciki.

Jikinmu ban da lokacin da zan yi dogon bayani a kansa. A ruwan jini, sodiyam ya kan kai milimol 140 a lita, kulorayid kamar 100, baikabonet kamar 25. Likita ya kan ɗebe na biyun daga na farko, in giɓin da ya rage ya yi faɗi fiye da kima, ya san akwai wani ayon mai ɗebewa da ya taru a jini wanda ba a auna ba, kamar yadda ya kan faru ga mai ciwon sukari da ya tsananta.

Ga waɗanda za su fita koyarwar gwaji a makarantun da babu ɗakin kimiyya, akwai gwajin da ba ya bukatar kuɗi. Ku sami kwalabe uku masu murfi, ku zuba ruwan sama rabi-rabi. Ta farko ku bar ta haka. Ta biyu ku sa ɗan gishiri, abin da yatsa biyu za su ɗauka. Ta uku kuwa, ku kaɗa ƙaramin cokali na garin filastar da a ke yin silin da ita cikin lita guda ta ruwa, ku bari ya kwanta, ku tsiyaye na saman ku yi amfani da shi, domin filastar nan kalsiyam salfet ce. Ku kankare sabulun sanda daidai wa daida cikin kowace, ku ba yara su girgiza. Ta farko da ta biyu za su yi kumfa, ta uku sai dusa-dusa. Kada ku yi da garin wanki na kanti, domin an yi shi ne musamman yadda kalsiyam ba zai kama shi ba, gwajin ba zai nuna kome ba. Sa'an nan ku ɗebi sabon ruwan filasta, ku jiƙa 'yar kanwa ku tace ku zuba a ciki, ku bari farin garin da zai fito ya kwanta, ku tsiyaye, ku sāke sa sabulu. Wannan karon zai yi kumfa. Sai ku tambayi yara ina kalsiyam ya tafi, wa kuma ya zauna a gurbinsa yana rakiyar salfet.